Daga son kwamfuta zuwa cin abinci da ita a Abuja: shago, makaranta, kwas ɗin Google ko CompTIA A+?

Idan kai ne wanda 'yan gidanku suke ƙwala wa kira duk lokacin da laftof ta ƙi tashi, ko firintar shagon maƙwabci ta fara cin takarda, to na san ka daɗe kana tunanin yadda wannan abin da kake yi don sha'awa zai zama sana'a. A Abuja hanyoyi huɗu aka fi bi. Ko dai mutum ya zama yaron shago a wajen mai gyara, ko ya shiga makaranta ya yi difloma ko digiri, ko ya yi kwas ɗin Google ta intanet, ko kuma ya tara kuɗi ya zauna jarrabawar CompTIA A+. Kowacce tana da masu yabonta, kuma galibi kowa hanyar da ya bi yake yabo.

Kafin a auna su, ya kamata a san aikin da ake nema. Gyaran kwamfuta wani yanki ne kawai na aikin ma'aikacin sashen ICT. A ofis a Garki ko Maitama, za ka iya yin sati guda ba ka ɗauki sukudireba ba. Abin da zai cika maka yini shi ne irin wannan: Hajiya daga sashen kuɗi ta kira ta ce, "Injiniya, imel ɗina ya ƙi buɗewa tun safe, ga shi Darakta yana jiran takardar nan kafin azahar." Ka je ka tarar kalmar sirrinta ce ta ƙare, ka sabunta mata, ka nuna mata yadda za ta shigar da sabuwar a wayarta ba tare da ta ji kamar ka raina ta ba. Kafin ka koma kujerarka an ce firintar hawa na biyu ba ta ganin netwok, ga sabon ma'aikaci yana jiran a buɗe masa asusu, ga ɗakin taro ana son haɗa kiran bidiyo da ƙarfe biyu. Duk wanda ya iya inji amma bai iya mutane da tsarin ofis ba, rabin aikin ya iya.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda yake zaune a Kubwa, Nyanya, Mararaba ko Suleja ya san cewa zuwa cikin gari kullum shi kansa kuɗin makaranta ne. Tun da aka saki naira a Yunin wannan shekarar kuma, duk abin da ake biya da dala ya yi wa talaka nisa. Sai data da wutar lantarki.

Na biyu lokaci: yaushe za ka fara ganin kuɗin kanka? Na uku hannu: shin hanyar za ta sa ka taɓa kwamfutar da ta lalace da gaske, ta wani mutum da yake tsaye a kanka yana jira? Na huɗu ƙofa: wa yake mutunta abin da za ka fito da shi? Na biyar daɗewa, wato tsawon lokacin da ilimin ko takardar za su yi suna aiki. Na ƙarshe haɗari.

Ni dai hannu da ƙofa na fi bai wa nauyi. Sauran huɗun suna gaya maka ko za ka iya bin hanyar, waɗannan biyun kuwa su suke gaya maka ko ta cancanci a bi ta.

Zama a shagon gyara

Duk mai neman kayan kwamfuta a Abuja ya san Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano a Wuse 2, da shagunan da ke kewaye da ita. Akwai kuma ƙananan masu gyara a kusan kowace unguwa. Abin da za ka samu a irin waɗannan wurare babu makarantar da za ta ba ka shi, domin a sati ɗaya za ka ga matsalolin da ɗalibi ba zai gani ba a zangon karatu guda.

Ɗauki misali ɗaya. An kawo HP tana mutuwa da kanta bayan an yi ɗan aiki. Ogan zai kifa ta, ya kwance murfin baya, ya nuna maka fankar da ƙurar hunturu ta toshe har ta zama kamar auduga a bakin mafitar iska. Zai goge busasshen man da ke kan furosesa, ya ɗiga sabo ɗan kaɗan, ya mayar da komai. Gobe a kawo Dell da ba ta caji, ya sa ka fara auna cajar da mita ka ga ko tana ba da bolt 19 da ɗoriya da aka rubuta a jikinta, kafin ma a zargi bod, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar suke haɗe a kansa. Jibi hinjin Lenovo ne ya karye ya tsaga gefen sikirin. A haka za ka koyi canza kibod da batir, ƙara RAM, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta take aiki da shi, cire tsohon had dis ka sa SSD, wato ma'ajin bayanai da ya fi shi sauri, ka ga kwamfutar da mai ita ya fid da rai da ita ta dawo tana tashi cikin daƙiƙu. Idan ka dace da ogan da yake aikin bod da dalma da injin hura zafi, to ka samu abin da ba kowa yake da shi ba. Za ka kuma san farashin kaya, ka iya bambanta caja ta asali da jabu, ka iya magana da kwastoman da ransa ya ɓaci. Wannan na ƙarshen shi ne zai bi ka har ofis.

Kuɗin koyo yarjejeniya ce tsakaninka da ogan, babu tsayayyen farashi. Abin da zai fi cin aljihunka kuɗin mota ne da abincin rana, sai 'yan kayan aikinka. Samun kuɗi kuma yana zuwa da wuri, don cikin 'yan watanni za ka fara karɓar ƙananan ayyuka a unguwa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Shago ba ya koyar da tsarin ofis. Ba za ka ji an ambaci Active Directory ba, wato tsarin da ma'aikatu suke buɗe wa ma'aikata asusu da shi su tsara wa kowa abin da zai iya shiga. Ba za ka taɓa kula da Microsoft 365 na mutum hamsin ba, ba za ka tsara ajiyar kwafin bayanai ba, ba za ka rubuta rahoton abin da ka yi ba. Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'un da mutum yake kwasowa. A shaguna da yawa maganin kowace matsalar manhaja shi ne a yi fomatin. A ofis kuwa, ranar da ka yi wa kwamfutar akawu fomatin ba ka kwafe fayilolinsa ba, ranar aikinka ya ƙare. Haka sanya Windows da Office marasa lasisi: ƙungiyar da take da masu binciken kuɗi ba za ta lamunta ba.

Akwai kuma maganar amana. Kwamfutar mutum tana ɗauke da hotunan iyalinsa da takardun bankinsa. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar da take kula da ita a nan Abuja. Ko babu doka ma, leƙen abin da ba a kawo ka gani ba cin amana ne. Sannan kada ka yarda ka cire wa wani makullin kwamfutar da ya kasa nuna shaidar cewa tasa ce, domin kayan sata suna yawo a kowace kasuwar kayan lantarki.

Haɗari na ƙarshe shi ne faɗawa hannun ogan da zai mayar da kai ɗan aike. Maganinsa a je da babba, mahaifi ko kawu ko yaya, a zauna a faɗi tsawon zaman, da abin da za a koya, da ranar yaye, kafin a fara.

Makaranta: difloma ko digiri

Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. ND shekara biyu ce, sai shekarar sanin makamar aiki, sai HND shekara biyu. Digirin kimiyyar kwamfuta shekara huɗu ne idan babu tsaiko, sannan bautar ƙasa. Jami'ar Abuja tana Gwagwalada, hedikwatar jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana Jabi, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Nasarawa ba nisa. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati.

Ita ce hanya mafi tsawo kuma mafi tsada idan aka haɗa komai, amma takardarta ba ta tsufa, kuma tana buɗe ƙofar da sauran ba sa buɗewa. Abuja garin gwamnati ne. Mai digiri da takardar bautar ƙasa yana shiga aikin tarayya a mataki na 8, kuma duk iyawarka, idan sanarwar ɗaukar aiki ta ce digiri ko HND, ba za a ma duba takardunka ba sai da su. Manyan ƙungiyoyin agaji da bankuna su ma sukan sa wannan sharaɗin.

Rauninta hannu ne. Manhajar karatun ta fi karkata ga lissafi da rubuta manhaja da ka'idoji, kuma ana iya gamawa ba a taɓa matse kan wayar netwok ba. Abin da yake cike wannan giɓin shi ne SIWES, shirin horon aiki da hukumar ITF mai hedikwata a Jos take kula da shi. Ɗalibin da ya yi watanninsa na SIWES a sashen ICT na gaske, yana bin ma'aikata ofis zuwa ofis, ya fi wanda ya nemi wurin da za a sa masa hannu a littafi kawai nesa ba kusa ba. Haɗarin kuma sananne ne: yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ci.

Kwas ɗin Google a Coursera

Google ya fito da wannan kwas a 2018 a Coursera, wani shafin karatu ta intanet, musamman don masu son shiga aikin tallafin kwamfuta ba tare da digiri ba. Yana bi ta tushen aikin, sai netwok, sai Windows da Linux har da rubuta umarni a baƙin allo, sai kula da kwamfutocin ma'aikata gaba ɗaya, sai tsaro. An tsara shi ne a gama cikin kusan wata shida idan ana ba shi awa goma a sati. Ana biya wata-wata, don haka mai sauri yana rage wa kansa kuɗi, kuma Coursera tana da fom na neman tallafi ga wanda ba shi da hali. Takardar ba ta da ranar ƙarewa.

Abin da nake so game da shi, yana koyar da daidai abin da shago ya bari. Zai sa ka fahimci me ake nufi da adireshin IP, me ya sa kwamfuta take nuna tana kan wayafai amma shafi ya ƙi buɗewa, yadda ake tambayar mai matsala har a gano bakin zaren, da dalilin rubuta duk abin da aka yi. Ga 'yar'uwar da zaman kasuwa daga safe zuwa magariba ba zai yiwu mata ba, ko ma'aikacin da sai dare yake da lokaci, wannan babbar dama ce.

Sai dai duk da Turanci ake yin sa, bidiyo ne masu cin data, kuma babu mai tsaya maka a kai. Da yawa suna farawa da zafi su tsaya a sashen netwok, wanda shi ne mafi nauyi. Ba a kuma zaunar da kai a ɗakin jarrabawa da mai sa ido, shi ya sa masu ɗaukar aiki suke kallonsa a matsayin alamar ƙoƙari fiye da hujjar ƙwarewa.

A gefen wannan akwai shirye-shiryen gida. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 kyauta ne, amma ya fi karkata ga rubuta manhaja, nazarin bayanai, tsaron intanet da makamantansu. Cibiyar Digital Bridge da hukumar NCC ta kafa a 2004 tana Utako, tana kuma yin gajerun kwasa-kwasai a aji, ga wanda ya fi gane karatu da malami a gabansa.

Jarrabawar CompTIA A+

Wannan ba makaranta ba ce, jarrabawa ce. Ka yi karatunka duk inda ka ga dama, ka biya, ka je cibiyar Pearson VUE, kamfanin da yake gudanar da jarrabawar, ko ka zauna ta intanet ana kallonka ta kyamara. Tun 1993 ake yin ta, kuma ba ta wani kamfanin kwamfuta ɗaya ba ce. Takardu biyu ne, kuma sai an ci duka. Ta farko tana kan kayan cikin kwamfuta, wayoyin hannu, firinta, netwok da gano matsala. Ta biyu tana kan Windows da sauran manhajojin sarrafa kwamfuta, tsaro, da ladubban aiki. Kowacce minti 90 ce, tambayoyi har 90, wasunsu kuma ba zaɓi ba ne, matsala ake ajiye maka a allo a ce ka warware. Ana buƙatar maki 675 cikin 900 a ta farko, 700 a ta biyu. Sabon zubin da ya fito a 2025 lambobinsa 220-1201 da 220-1202, don haka ka duba lambar da ke jikin duk littafin da za a sayar maka.

Kowace takarda ta haura dala 200, idan ka faɗi kuma sai ka sake biya. Ka lissafa wannan da canjin yau, ka ajiye shi kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, za ka ga ba abin shiga da gaggawa ba ne. Takardar tana aiki shekara uku ne, sannan a sabunta. Karatun kansa ana iya yin sa kyauta, domin wani malami da ake kira Professor Messer yana da cikakken jerin darussa a YouTube.

Ƙimarta tana wajen kamfanoni masu hulɗa da ƙasashen waje, ofisoshin jakadanci, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, da masu ɗaukar aikin da ake yi daga gida. Ƙaramin kamfani a Wuse kuwa, mai shi zai fi so ya ga ka gyara abin da ke gabansa. CompTIA da kanta tana ba da shawarar mutum ya yi kusan shekara yana aikin hannu kafin ya zauna, kuma shawara ce ta gaskiya. Ka guji masu sayar da tambayoyin da aka ce sun fito: ana iya soke takardar wanda aka kama, wanda ba a kama ba kuma intabiyu za ta tona shi.

Wasu za su ce ka tsallake A+ ka tafi jarrabawar CCNA ta Cisco, kamfanin kayan netwok, kai tsaye. Jarrabawa ɗaya ce, dala 300, ita ma shekara uku, kuma sunanta ya fi tafiya a kunnen masu ɗaukar aiki a Najeriya. Amma ta netwok ce zalla, kuma tana da zurfi. Mataki na biyu ce ga wanda ya riga ya san ƙasan.

| Ma'auni | Shago | Makaranta | Kwas ɗin Google | CompTIA A+ |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kaɗan, sai kuɗin mota | Mafi yawa | Kaɗan, ko tallafi | Sama da dala 400 duka biyu |
| Lokaci | Watanni zuwa shekara biyu | Shekara 2 zuwa 5, sai bautar ƙasa | Kusan wata 6 | Gwargwadon shirinka |
| Aikin hannu | Sosai | Kaɗan, sai a SIWES | A allo kawai | Sai ka nemo da kanka |
| Ƙofa | Sana'ar kanka, ƙananan kamfanoni | Gwamnati, bankuna | Matakin farko | Ƙungiyoyin waje, aiki daga gida |
| Daɗewa | Muddin kana aiki | Har abada | Ba ya ƙarewa | Shekara 3 |
| Haɗari | Mugun oga, munanan ɗabi'u | Yajin aiki, fita ba hannu | Watsarwa a tsakiya | Faɗuwa da asarar dala |

Ga wata tambaya da take nuna bambancin hanyoyin nan a fili. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma ofisoshi cike suke da tsofaffin kwamfutoci. Windows 11 da ta gaje ta tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da RAM aƙalla 4GB, da wurin ajiya 64GB, da furosesa wadda a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas ne zuwa sama. A ce shugaban ofis ya tambaye ka me za a yi. Ɗan shago ya san dabarar tsallake sharuɗɗan ya ɗora ta a kan kowace kwamfuta. Mai takarda ya san cewa yin haka yana barin ofis da kwamfutocin da Microsoft ba ta ɗauki alhakinsu ba. Wanda za a riƙe a aiki shi ne wanda zai zagaya ya duba kowacce, ya rubuta waɗanda za su ɗauki Windows 11, da waɗanda ƙarin RAM da SSD zai ishe su, da waɗanda sai an sauya, ya kai wa shugaba da kiyasin kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya tsaya a hanya ɗaya.

Duk wadda ka zaɓa, ka nemi tsohuwar kwamfuta mai RAM 8GB ko fiye ka mayar da ita wurin gwaji. VirtualBox, manhajar da ake ƙirƙirar kwamfutar gwaji da ita a cikin taka, kyauta ce, Ubuntu, wani nau'in Linux, kyauta ce, Microsoft tana ba da Windows Server ta gwaji ta kwana 180, Packet Tracer kuma, manhajar gwajin haɗa netwok a allo, ana samunta kyauta ta makarantar Cisco ta intanet. Ka buɗe asusun ma'aikata na ƙarya, ka kulle su, ka buɗe, ka lalata netwok ɗin ka gyara. Wannan ne abin da za ka ba da labarinsa ranar intabiyu.

Wa ya dace da wacce

Idan ka gama sakandare, gida babu hali, kana buƙatar kuɗi da wuri: shago, a kusa da unguwarku idan akwai ogan kirki, don kuɗin mota kada ya kore ka. Da dare ka riƙa bin kwas ɗin Google da tallafi. Bayan shekara ka fara neman ƙananan makarantu da asibitoci masu zaman kansu da za ka riƙa kula musu da kwamfutoci a kan kuɗin wata.

Idan burinka aikin gwamnati ne ko banki: makaranta dole ce. Ka yi hutunka a shago, ka zaɓi wurin SIWES da idonka a buɗe, lokacin bautar ƙasa kuma ka roƙi a tura ka sashen ICT.

Idan kana da digiri a wani fannin, ko tarihi ne ko aikin gona: kada ka koma aji. Takardar da ake tambaya kana da ita. Ka yi kwas ɗin Google, ka samu wurin taɓa inji ko da ranar Asabar ce kawai, sannan ka tara kuɗin A+.

Idan kin kasance mai aure ko mai reno, fita kullum ba za ta yiwu ba: kwas ɗin Google da kwamfutar gwaji a gida, sai A+ idan hali ya samu, domin aikin amsa matsalolin mutane ta waya da imel ana yin sa daga ɗaki, muddin akwai tsayayyar wuta da intanet.

Idan kuma ka riga ka shekara biyu ko uku kana gyara, kana son komawa ofis: kai ne A+ ta fi yi wa amfani, domin rabin takarda ta farko ka riga ka san ta da hannunka. Ka ba takarda ta biyu yawancin lokacinka, ka zauna su ɗaya bayan ɗaya yadda aljihu zai ɗauka, idan netwok ya ja hankalinka kuma sai ka sa CCNA a gaba.